Gindin Farce Da Cutar Kumburin Tsoka Ta Yara

Gabatarwa

Cututtukan da suka fi addabar yara a garuruwan kwarin Rima, irin su Birnin Kebbi da Argungu, sanannu ne ga kowa: zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da ƙyanda, da tamowa, da kuma amosanin jini da ake kira sikila. Saboda yawansu, da zarar yaro ya kwanta rashin lafiya sai hankalin iyaye, har ma da na ma'aikatan lafiya, ya koma kansu. To amma akwai waɗansu cututtuka da ba kasafai ake cin karo da su ba, waɗanda kan laɓe a bayan waɗancan, su yi ta ɓarna sannu a hankali har lokaci ya ƙure. Ɗaya daga cikinsu ita ce cutar kumburin fata da tsoka ta yara, wadda likitoci ke kira damatomayosaitis.

Ko da yake sunan cutar fata da tsoka ya ambata, binciken masana ya nuna cewa babbar ɓarnarta tana aukuwa ne a cikin siraran jijiyoyin jini, waɗanda ido ba ya iya gani. Abin sha'awa shi ne akwai wuri a jikin ɗan'adam inda ake iya duba waɗannan jijiyoyi ba tare da tsaga ko allura ba. Wannan wuri kuwa shi ne gindin farce, wato gindin abin da mutanen Kabi da Sakkwato ke kira akaifa. Wannan maƙala za ta bayyana abin da likita ke nema a wurin, da dalilin da ya sa ganinsa da wuri ke iya kuɓutar da yaro daga naƙasa.

Hanyoyin Jini Da Noman Fadama

Wanda ya taɓa ganin noman rani a fadamun Argungu ba zai sha wahalar fahimtar zagayawar jini ba. Injin ban ruwa kan ɗebo ruwa daga gulbi ya zuba a babbar magudana, ita kuma ta rarrabu zuwa ƙananan hanyoyi, har ruwan ya isa kowane fangali na shinkafa ko albasa. Haka zuciya take tura jini cikin manyan jijiyoyi, su kuma su yi ta rassa suna ƙara sirancewa, har a kai ga 'yan siraran da likitoci ke kira kafilari. A cikin waɗannan ne jini ke miƙa iskar oksijin da abinci ga tsoka da fata da sauran sassan jiki, sa'annan ya kwashe dattin da suka fitar.

Faɗin kafilari ɗaya bai wuce maikuromita 5 zuwa 10 ba, maikuromita kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Silin gashin kai ya ninka ta kauri kusan sau goma. Saboda ƙuncinta, jajayen ƙwayoyin jini kan bi ta cikinta ne ɗaya bayan ɗaya. Bangonta kuwa shimfiɗa ɗaya ce tak ta ƙwayoyin halitta, shi ya sa ba ta da wuyar samun lahani.

An daɗe ana hasashen samuwar waɗannan jijiyoyi kafin a gan su. Ibn Nafis, likitan nan ɗan ƙasar Sham da ya yi aiki a Alƙahira ya kuma rasu a shekarar 1288, ya rubuta cewa jini na ratsa huhu ne ta waɗansu ƙananan kafofi. A 1628 William Harvey na Ingila ya bayyana cewa jini zagayawa yake yi a jiki. Sai a 1661 ne Marcello Malpighi na Italiya ya gan su da madubin ƙara girma a cikin huhun kwaɗo.

Wace Irin Cuta Ce?

Allah Ya hore wa jikin ɗan'adam garkuwa da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. A waɗansu lokuta wannan garkuwa kan rikice, ta kasa bambance baƙo da ɗan gida, sai ta juya kan jikin da take tsaro. Damatomayosaitis tana cikin irin waɗannan cututtuka. Ba ƙwayar cuta ce da ke yaɗuwa daga wani zuwa wani ba, don haka ba a ɗaukarta ta wurin zama tare, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko musabaha.

Likitan Jamus Ernst Wagner ya bayyana irin wannan ciwo a 1863, sa'annan ɗan ƙasarsu Heinrich Unverricht ya raɗa masa sunan da ake amfani da shi a 1891. Ƙididdigar da aka yi a Birtaniya da Amurka ta nuna cewa a cikin yara miliyan ɗaya, kimanin 2 zuwa 4 ne ke kamuwa a kowace shekara. Ta fi farawa a wajen shekara 7 da haihuwa, kuma 'yan mata sun ninka maza kamuwa kusan sau biyu.

Mai karatu na iya ganin wannan adadi bai taka kara ya karya ba. To amma ƙidayar 2006 ta nuna Jihar Kebbi na da mutum fiye da miliyan 3.2, kusan rabinsu kuwa yara ne. Idan aka ɗora ma'aunin waɗancan ƙasashe a kan yara miliyan ɗaya da rabi, lissafi zai ba da sababbin masu kamuwa 3 zuwa 6 a shekara, kuma jama'ar jihar sun ƙaru ƙwarai tun daga wancan lokaci. Wannan lissafi ne kawai, amma ya isa ya nuna cewa cutar ba ta Turawa kaɗai ba ce. Likitoci a Legas da Afirka ta Kudu sun wallafa rahotannin yaran Afirka da suka kamu da ita.

Alamomin Da Ake Gani A Fili

Raunin tsoka a wannan cuta yakan zo a hankali cikin makonni ko watanni, ya kama ɓangarorin jiki biyu daidai wa daida, kuma ya fi taɓa tsokar da ke kusa da gangar jiki, wato ta wuya da kafaɗu da ƙugu da cinyoyi. Sai a ga yarinya ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali, ko ta kasa ɗora tulu a ka. Yaro kuwa ya kasa hawa keke ko matakala, ya riƙa gajiya a kan hanyar makaranta, yana yawan faɗuwa. Idan zai tashi daga kan tabarma sai ya juya ya dafa ƙasa, sa'annan ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, kamar mai hawa jikinsa da hannuwa. William Gowers na Ingila ne ya siffanta irin wannan tashi a 1879, kuma har yau da sunansa ake kiran alamar.

A fata kuma akwai manyan alamomi biyu. Ta farko ita ce kumburi da sauyin launi a fatar ido ta sama. A farar fata launin ja ne mai sirkin shuni, amma a baƙar fata sau da yawa duhu ne kawai ke ƙaruwa, tare da kumburin da za a iya zaton na ciwon ƙoda ne. Ta biyu ita ce waɗansu ƙuraje masu faɗi da ɓawo a kan gaɓoɓin yatsu ta bayan hannu, da gwiwar hannu da ta ƙafa, waɗanda ake kira ƙurajen Gottron. A baƙar fata sukan fi sauran jiki haske ko duhu, shi ya sa ake yawan ɗaukarsu a matsayin kirci ko makero.

Yadda Aka Gano Tushen Ɓarnar

A shekarar 1966 wasu likitoci biyu na Amurka, Betty Banker da Maurice Victor, suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan gawarwakin yaran da cutar ta kashe. Sun tarar da ƙananan jijiyoyin jini sun kumbura sun toshe a tsoka da fata, har ma da hanji da jijiyoyin laka, sai suka bayyana ciwon a matsayin cutar jijiyoyin jini ta jiki baki ɗaya. Bayan shekara 20, wato a 1986, John Kissel da abokan aikinsa suka nuna cewa wani rukunin sinadaran garkuwar jiki da ake kira kwamfilimen, wanda aikinsa huda bangon ƙwayoyin cuta, yana taruwa a bangon kafilari na tsokar masu wannan ciwo. Daga farkon shekarun 2000 kuma aka gano cewa sinadarin intaferon, wanda jiki kan fitar don yaƙar ƙwayoyin bairos, yana aiki fiye da kima a jikinsu, yana kuma cutar da bangon jijiyoyin.

Idan bangon kafilari ya kumbura, hanya kan ƙuntace, jini ya daskare a ciki, daga bisani jijiyar ta mutu ta ɓace. Waɗanda suka rage sai su buɗe su ƙara girma don ɗaukar nauyin 'yan'uwansu. Idan likita ya yanki ɗan ƙaramin yankin tsoka ya duba a madubi, yakan tarar da zaruruwan da ke gefen kowane dami na tsoka sun ƙanƙance, alhali na tsakiya suna nan da girmansu. Ɗaya daga cikin bayanan da masana suka bayar ya yi daidai da abin da manomi ya sani: in ruwa ya ragu a magudana, fangalin da ke ƙarshen layi shi ne kan fara bushewa.

Abin Da Likita Ke Gani A Gindin Farce

A yawancin fatar jiki, kafilari kan taso ne daga ƙasa a tsaye, don haka mai dubawa daga sama ɗigo kawai zai gani. A fatar da ta rufe gindin farce kuwa, layin ƙarshe na jijiyoyin a kwance yake, sai a ga kowace ɗaya da tsawonta, ta tafi ta lanƙwaso ta dawo kamar harafin U. A jikin mai lafiya sukan jeru reras kamar haƙoran mataji, girmansu kusan ɗaya, kuma akan ƙirga kimanin 7 ko fiye a cikin kowace milimita. Tun a 1973 Hildegard Maricq da Carwile LeRoy na Amurka suka nuna cewa wannan tsari kan wargaje a waɗansu cututtukan garkuwar jiki.

Dubawar ba ta da zafi. Akan ɗiga ɗan mai a gindin farcen don haske ya ratsa fata, sa'annan a duba da madubi. Manyan asibitoci na amfani da na'ura mai kyamara da ke ƙara girma har sau 200, ta nuna hoton a kwamfuta. Inda babu ita, madubin duba fata ko madubin da likita ke haska ido da shi kan nuna manyan sauye-sauyen. Akan duba yatsu takwas a bar manyan yatsu biyu, kuma ƙaramin yatsa da wanda ke biye da shi su suka fi nunawa sarai.

A yaron da ke fama da wannan cuta, likita na neman abubuwa huɗu. Na farko shi ne raguwar yawan jijiyoyin, inda ƙirgen kan sauka zuwa 5 ko ƙasa da haka a milimita, a ga giɓi kamar mataji mai karyayyun haƙora. Na biyu, jijiyoyi masu buɗewa da girman da ya wuce kima. Na uku, ɗige-ɗigen jini inda bango ya fashe. Na huɗu kuma, jijiyoyi masu rassa kamar ƙaramin kurmi, alamar jiki na ƙoƙarin tsiro da sababbi a madadin waɗanda suka mutu. Ko da ido kawai, wani lokaci akan ga gindin farcen ya yi ja, fatar wurin ta yi kauri ta tsattsage. Irin waɗannan buɗaɗɗun jijiyoyi kan bayyana a dasashi ma.

Saƙon Da Jijiyoyin Ke Ɗauke Da Shi

Amfanin wannan dubawa bai tsaya ga gano cutar ba. A birnin Shikago na Amurka, tawagar Dakta Lauren Pachman ta shafe shekaru tana ƙirga kafilari a yatsun yara masu wannan ciwo. Rahotonta na 2004 ya nuna cewa raguwar jijiyoyin ta fi tafiya tare da tsananin cutar a fata. Ma'anar haka ita ce, ko da ƙarfin yaro ya dawo, muddin ƙurajen suna nan kuma jijiyoyin ba su farfaɗo ba, to wutar ba ta mutu ba, toka ce ta rufe ta. A 2008 tawagar ta bi yara har tsawon wata 36, ta tarar cewa waɗanda suka daɗe ba su fara shan magani ba su ne suka fi daɗewa da lalatattun jijiyoyi.

A wannan shekara kuma aka sami wani sakamako mai ban mamaki. Yaran da kafilarinsu suka ragu ƙwarai a gindin farce, jikinsu bai tsotsi maganin da suka haɗiya yadda ya kamata ba. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne jijiyoyin hanji ma sun taɓu. Ke nan abin da aka gani a yatsa na iya taimaka wa likita ya yanke shawarar ba da magani ta jijiya maimakon ta baki.

Toshewar jijiyoyin ita ce ke haddasa mafi munin matsalolin cutar, kamar gyambon fata, da gyambon hanji da ke iya kaiwa ga hujewa. Haka kuma yara da dama kan sami dunƙulen sinadarin kalsiyam a ƙarƙashin fata, masu tauri kamar tsakuwa, waɗanda kan fashe su fitar da farin abu mai kama da alli. An fi ganin wannan a yaran da aka yi jinkirin yi wa magani, kuma binciken da aka yi a Johannesburg da Cape Town ya same shi da yawa a tsakanin yaran Afirka. Ban da duba farce, masana na auna waɗansu sinadarai a jini da ke nuna halin da jijiyoyin ke ciki. A 2019 masu bincike a Utrecht ta ƙasar Holan suka nuna cewa sinadarai biyu, galektin-9 da CXCL10, na hawa idan cutar ta taso, su sauka idan ta lafa.

Abubuwan Lura A Kwarin Rima

Akwai abubuwan da ke iya ruɗar mai dubawa a wannan yanki. Duhun fata na rage ganin jijiyoyin, don haka ana bukatar haske mai kyau da haƙuri. Lalle da ƙunshi, waɗanda 'yan mata ke yi lokacin salla da biki, kan rine gindin farce, saboda haka ya kyautu a dakatar da su idan za a kai yarinya dubawa. Sanyin hunturu na sa jijiyoyi su tsuke, shi ya sa akan bar yaro ya zauna a ɗaki mai ɗumi na minti 15 zuwa 20 kafin a fara. Bugu da ƙari, yaron da ke taya iyayensa jan koma a gulbi ko yankan shinkafa, ko mai cizon farce, na iya samun ɗigon jini na rauni kawai. Wannan ne ya sa ba a yanke hukunci da yatsa ɗaya.

Haka kuma sauyin gindin farce shi kaɗai bai isa hujja ba, domin ana ganin makamancinsa a cutar taurin fata da ake kira sikilerodama. Dole likita ya haɗa shi da gwajin ƙarfin tsoka, da awon sinadarin CK da tsoka ke zubarwa cikin jini idan ta lalace, wani lokaci har da hoton MRI.

Dole ne kuma a bambance ta da waɗansu cututtuka. Shan inna kan zo farat ɗaya cikin 'yan kwanaki, yawanci ta fi kama ƙafa ɗaya, kuma ba ta zuwa da ƙurajen yatsu. Ko da yake a ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana yankin Afirka a matsayin wanda ya rabu da ainihin ƙwayar cutar ta daji, har yanzu ƙa'ida ce a kai rahoton duk yaron da bai kai shekara 15 ba wanda gaɓarsa ta saki kwatsam. Ciwon sikila kuwa zafin ƙashi ne mai zuwa ya tafi. Ƙurjin cikin tsoka kan kumbura wuri guda tare da zazzaɓi. Akwai kuma cutar shanyewar tsoka ta gado da ake kira Dushen, wadda kusan maza kaɗai take kamawa, ba ta kuma taɓa fata.

Magani

Wani rahoto na 1964 ya nuna cewa kafin yaɗuwar magungunan zamani, kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran da suka kamu mutuwa suke yi, kashi ɗaya su naƙasa, kashi ɗaya su warke. A yau, a ƙasashen da ake gano cutar da wuri, masu mutuwa ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Jigon maganin shi ne firednisolon, mai kwantar da kumburi, tare da metotireksat, mai rage kaifin garkuwar jiki. Wani gwaji da aka yi a kan yara 139 a ƙasashe 22, wanda aka wallafa a 2016, ya tabbatar da cewa haɗa firednisolon da wani maganin ya fi ba da shi shi kaɗai. Maganin kan ɗauki shekara biyu ko fiye, tare da atisayen motsa gaɓoɓi.

Waɗannan magunguna kaifi biyu gare su. Sayensu a kemis ba da umarnin likita ba haɗari ne, haka ma dakatar da firednisolon farat ɗaya. Man shafawa na sauya launin fata, wanda da yawansa ke ɗauke da irin wannan sinadari, na iya ɓoye ƙurajen alhali cutar na ci gaba a ciki. Tsaga ko sakiya a kan dunƙulen kalsiyam kan jawo gyambon da ke wuyar warkewa. Hasken rana kuma na tayar da ƙurajen, don haka a yankin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, malafa da riga mai dogon hannu da zama a inuwa da tsakar rana suna cikin magani.

Kammalawa

Malamin makaranta na ganin yaro kusan kullum, ɗalibin sakandare kuma na da ƙanne a gida. Su ne za su fara lura da yaron da ya daina wasa, yake tashi da dafa gwiwa, ga kuma ƙuraje a gaɓoɓin yatsu ko kumburin fatar ido. Irin wannan yaro ba malalaci ba ne, bulala kuma ba za ta ƙara masa ƙarfi ba. Abin da ya dace shi ne a sanar da iyayensa, a kai shi babban asibitin Argungu, ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi, inda likitan yara zai iya tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato idan bukata ta taso. Idan kuwa ya fara shaƙewa da abinci, ko muryarsa ta koma ta hanci, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ya kama ciwon ciki mai tsanani, to ba a jira gobe.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Siraran jijiyoyin jini na iya farfaɗowa idan an kwantar da kumburin da wuri, amma tsokar da ta daɗe ba jini kan rikiɗe ta zama tabo, gaɓa ta ƙage. Ɗigon mai, da madubi, da likitan da ya san abin da yake nema, na iya fara aikin da zai mayar da yaro aji da ƙafafunsa.